Raj Comics da jarumansa: kwaikwayon Amurka ne ko nasu ne na kansu?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa. Kullum in an ɗauko zancen Indiya a gidan nan to fim ne ko waƙa ko wane jarumi ya fi wane, amma akwai wani ɓangare nasu da ya kamata mu taɓa, shi ne littattafan zane na yaren Hindi, wato komik. Kamfanin da nake so mu tattauna shi ne Raj Comics na birnin Delhi. Wani mutum ne Rajkumar Gupta ya kafa shi a tsakiyar shekarun 1980 tare da 'ya'yansa uku, Manoj da Sanjay da Manish. Dama can mutumin ɗan kasuwar littafi ne, yana da Raja Pocket Books mai buga ƙananan littattafan nan na bincike da kisan kai da 'yan sanda masu arha waɗanda ake saya a tashar jirgin ƙasa a karance kafin a sauka, to yaran ne suka taso da son komik suka ja uban zuwa wannan harka. A 1986 suka fito da Nagraj, mutum mai koren jiki da macizai ke fita ta hannunsa, a 1987 Super Commando Dhruva ya biyo baya, sai Doga a 1992. Ni dai ra'ayina shi ne kamfanin nan ya yi abin da ba ƙaramin abu ba ne, ya ba yaron ƙauye a Bihar ko Uttar Pradesh jarumi mai magana da yarensa, a kuɗin da bai fi ƙarfin aljihunsa ba. Bismillah, kowa ya kawo nasa.

Bazazzagi:
Wa'alaikumussalam. Malam Ɗan Fagge ni fa zan fara da musu tun yanzu. Na ga hotunan jaruman nan a intanet kuma gaskiya kwafi ne kawai. Inspector Steel ɗan sanda ne da aka haɗa jikinsa da ƙarfe, wannan ai RoboCop ne. Tiranga yana yawo da garkuwa da kayan tutar ƙasa, Captain America kenan. Shi kansa Dhruva da kake yabo, yaron gidan wasa ne da aka kashe iyayensa wani babba ya ɗauke shi riƙo, kowa ya san labarin Robin kenan na Batman. To ina ƙirƙirar take?

Maman Ilham:
Ni tsaya tukun, wai Nagraj ɗin nan irin macijin fim ɗin Nagina ne da Sridevi ta fito? Don in shi ne to mu ai tuni mun san shi lol, babu gidan da ba a kalla ba zamanin bidiyo mai kaset

Ɗan Fagge:
Maman Ilham kin taɓo wajen. Ba labari ɗaya ba ne amma rijiya ɗaya suka ɗebo. A tatsuniyoyinsu da addininsu akwai macizai masu rikiɗa su koma mutum, ana ce musu ichchhadhari nag, kuma abin ya daɗe ƙwarai kafin a san fim ko komik. Nagina ma a 1986 ya fito, shekara ɗaya da Nagraj, kafin shi kuma akwai Nagin na 1976. Kin ga yaron Indiya ba sai an yi masa dogon bayani ba, yana ganin mutum mai maciji ya san inda aka dosa.

Asalin labarin shi ne wani mugun masanin kimiyya Farfesa Nagmani ya raine shi ya mai da shi makami, yana ba da hayarsa ga 'yan ta'adda, ya dasa masa wani abu a ka da yake juya shi da shi. Aikin farko da aka tura shi sai ya gamu da wani tsohon mai bauta Baba Gorakhnath, shi ne ya cire masa abin, daga nan ya sha alwashin sai ya kawar da ta'addanci daga duniya. A farko yawo yake ƙasa ƙasa yana farautar bos bos, daga baya aka zaunar da shi a wani birnin ƙirƙira Mahanagar yana ɓoye kama da sunan Raj yana aiki a kamfanin yaɗa labarai na Bharti Communications. Daga baya kuma aka tono cewa ɗan sarki ne, Takshakraj da matarsa Lalita, kuma ƙanin ubansa Nagpasha ne ya so hallaka shi saboda gado.

Bazazzagi:
Ka ji ko, ɓoye kama da tabarau a gidan jarida. Superman kenan ƙarara. Ka ƙara min hujja da bakinka.

Mai Zane:
Bazazzagi ka yi gaskiya a wani wajen kuma ba mai musun sun ara. Ai akwai ma wani tsohon labarin Nagraj da suka saka Superman da Batman da Spider-Man a ciki kai tsaye, wani matsafi Shakoora ya ɗaure su Nagraj ya zo ya taimaka, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Wannan ba abin karewa ba ne. Amma ni a matsayina na mai riƙe fensir ina so ka duba hannun da ya yi aikin. Wanda ya fara zana Nagraj sunansa Pratap Mullick, tsohon hannu ne da ya yi wa kamfanin komik na Amar Chitra Katha zane da yawa, ka duba yadda yake zana jikin mutum, ƙirji da cinya da wuya irin na 'yan kokawar Indiya ne, fuskoki na mutanensu, gashin baki, rawani, sari, kasuwa, haikali, motar haya. Ba ya zana New York ya liƙa mata sunan Indiya. Labarin farko kuma Parshuram Sharma ne ya rubuta, mutumin da ya fito daga rubutun ƙananan littattafan nan, shi ya sa salon ya fi kama da nasu na gida, a yi ta rantsuwa da ɗaukar fansa da alkawarin uwa da na malami. Ƙashin bayan za ka iya cewa an aro amma naman da aka ɗora nasu ne.

Sannan wajen Dhruva ban yarda da kai ba sam. Eh an haife shi a Jupiter Circus, irin gidan wasan nan na tanti da ake tafiya kan igiya ana wasa da zaki da giwa, iyayensa Shyam da Radha 'yan wasa ne, masu gidan wasan hamayya suka sa wuta kowa ya ƙone. Nan kamanninsa da Robin suka tsaya. Dhruva ba ya rufe fuska, duk garin Rajnagar an san gidansu, ɗan sanda Rajan Mehra ne ya ɗauke shi ɗa, yana da uwa da ƙanwa Shweta ana cin abinci tare ana masa faɗa in ya makara, kuma ita ƙanwar ce ke ɓoye kama ta zama Chandika tana cetonsa shi bai sani ba. Ba shi da wani ƙarfi na tsafi in ban da yana jin maganar dabbobi da tsuntsaye. Yadda yake cin bos shi ne da kimiyyar makaranta, wai ruwa na ɗaukar lantarki, maganaɗisu na jan ƙarfe, zafi na buɗa abu, irin wannan. Anupam Sinha ne ya ƙirƙire shi, shi ke rubutawa shi ke zanawa, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 shi aka miƙa wa Nagraj ma.

Bazazzagi:
Toh na ji ta Dhruva, wannan na rashin rufe fuska da zama cikin iyali na karɓa. Amma Steel da Tiranga ina nan kan bakana.

Mai Zane:
Waɗannan biyun ban ja da kai ba. Su ma masu karatun ai ba su ɗauke su a sahun gaba ba.

Auta:
Yaya Ɗan Fagge dan Allah su ne suka fara komik a Indiya ko akwai na gabansu?

Ɗan Fagge:
A'a ƙanena, sun tarar da mutane a filin. Indrajal Comics na kamfanin jaridar Times of India ya fara tun 1964, amma yawanci jaruman Turawa yake fassarawa irin su Phantom da Mandrake, sai a 1976 suka samu nasu ɗan gida Bahadur wanda Aabid Surti ya ƙirƙira, mai yaƙi da 'yan fashin daji. Indrajal ya rufe a 1990. Akwai Amar Chitra Katha da Anant Pai ya fara a 1967, shi tarihi da labaran addininsu ya sa gaba, iyaye da malamai na son sa. Sai Diamond Comics na Delhi daga 1978 wanda ke buga Chacha Chaudhary, wani ɗan tsoho mai jan rawani da sanda da wayo, tare da ƙaton abokinsa Sabu da ya zo daga duniyar Jupiter. Pran Kumar Sharma ne mai shi, ya fara shi a mujallar Lotpot a 1971, ya rasu a 2014. Sai Manoj Comics na Delhi da Tulsi Comics na garin Meerut da suka yi gogayya da Raj kai tsaye.

Abin da Raj ya kawo daban shi ne duniya guda ta jarumai. Nagraj na iya shiga labarin Dhruva, Doga na iya karo da Parmanu ɗan sandan Delhi, bos ɗin wannan ya ɓulla wajen wancan, to yaro in ya fara ɗaya sai ya ga dole ya nemi sauran. Chacha Chaudhary kana karanta shafi kaɗan ka yi dariya shi kenan, amma Nagraj sai an bar ka a tsakiyar faɗa an ce sai fitowa ta gaba.

Maman Ilham:
To amma yaran talakawa ina suke samun kuɗin saye duk wata? Indiya fa akwai talauci ba kaɗan ba

Ɗan Fagge:
Yauwa, wannan ita ce tambayar da nake jira don a nan sirrin yake. Yawancinsu ba saye suke ba, haya suke. A kowace unguwa akwai mai ɗan shago ko mai kanti da ya ɗaura igiya ya rataye komik, ka ba da rabin rupee ko rupee ɗaya ka tafi da littafi ka dawo da shi gobe. Lokacin hutun zafi na Mayu da Yuni da ba makaranta kuma rana ba ta barin a fita, kasuwar ke tashi, har yara da kansu kan haɗa nasu su buɗe haya a ƙofar gida. Kwafi ɗaya sai ya zaga yara da yawa har ya yage a ɗinke shi da zare. Ga kuma tashoshin jirgin ƙasa, akwai rumfunan littafi na A. H. Wheeler da suka faro tun 1877 daga Allahabad suka bazu a tashoshin arewacin ƙasar, dama ta nan Raja Pocket Books ke sayar da littattafansa, kin ga hanyar rarraba kaya a shimfiɗe take tun kafin a zana Nagraj. Ƙaramin littafi shafi 32 ne a takarda mai arha, ana fitar da su rukuni rukuni, akwai kuma na musamman mai kauri da ake haɗawa da sitika kyauta.

Maman Ilham:
Allahu akbar, wlh kamar kana ba da labarin shagunan hayar littattafan Hausa na da. Haka muka yi ta yi, a aiki ƙani ya karɓo na ɗaya da na biyu, a ce na uku yana hannun wata sai gobe, a rufe ɗaki a karanta cikin dare a ɓoye ƙarƙashin filo kar Baba ya gani, littafi ya sha hannu har bangon ya fita a liƙe da gam. Kuma marubutan namu ma da haka suka tashi, mai shago ya sayi kwafi kaɗan unguwa guda ta karanta. Ashe abin ba mu kaɗai ba ne. Su ma iyayensu na hana su?

Ɗan Fagge:
Sosai ma. Duk wanda ya tashi a lokacin in kuna hira zai gaya miki yadda ake cusa komik a tsakiyar littafin lissafi ana yi kamar karatu ake. Iyaye na ganin ɓata lokaci ne, musamman na faɗa da bindiga.

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun farko kuma ina da abin faɗa, ba don in ɓata wa kowa hira ba. Littattafan nan cike suke da addinin Hindu, gumaka da alloli da tsafi da bautar maciji, shi Nagraj ɗin ma ai wani abin bautarsu ne ya ba iyayensa shi a labarin. Akwai wata Shakti da aka ce ƙarfin Kali, ɗaya daga cikin allolinsu, ne a jikinta. Babba mai hankali zai iya karantawa don sanin al'adar mutane, amma ni ba zan miƙa wa ɗana ba, kuma ina ganin ya kamata a faɗi wannan a fili tunda akwai yara a gidan nan.

Ɗan Fagge:
Wa'alaikumussalam Malam, maganarka a kan hanya take kuma gara da ka faɗa. Don 'ya'yansu suka rubuta, da abin da suka yi imani da shi, ba su ɓoye ba. Har wani dogon labari suka yi Nagayana wajen 2007 wanda suka ɗora Nagraj da Dhruva a kan tsarin Ramayana, tsohon labarin nan na addininsu. Shi ma Bankelal na barkwanci, tushensa tsinuwa ce daga abin bautarsu Shiva, wai duk sharrin da ya ƙulla wa wani sai ya juye ya zama alheri, shi ya sa kullum yana ƙulla wa sarkinsa Vikram Singh makirci don ya ƙwace sarauta amma sai ya ƙare ya ceci sarkin an ƙara masa girma. Uba shi ya san abin da zai ba ɗansa. Ni tarihin kasuwancin da aikin hannun ne ya ja ni.

Amma Malam bari in ba ka labarin Doga don shi daban ne. Babu tsafi a jikinsa ko kaɗan. Jariri ne da wani ɗan fashin daji Halkan Singh ya tsinta a juji, ya raine shi cikin wulaƙanci yana amfani da shi wajen ta'asa, yaron ya gudu ya faɗa Bombay, sunansa Suraj. A can wasu 'yan uwa huɗu suka ɗauke shi, Adrak da Dhania da Haldi da Kali Mirch, dukkansu Khan ne wato Musulmi, ɗaya ya koya masa ɗaga ƙarfe, ɗaya dambe, ɗaya faɗan hannu da ƙafa, ɗaya harbi. Da dare sai ya sa fuskar kare ya bi ta magudanan ruwa na ƙarƙashin gari, karnukan titi su ne 'yan leƙen asirinsa. Shi ba ya kama mai laifi ya kai kotu, harbewa yake. Daga baya har sun yi jerin labarai a kansa kan rikicin Hindu da Musulmi, inda kowane ɓangare ke neman ya ce Doga nasa ne ko na abokan gaba ne.

Abu Sumayya:
Wannan na ƙarshen ya ba ni sha'awa, ban yi zaton za su taɓa irin wannan batun a littafin yara ba. Amma ɗaukar doka a hannu ma ai wata matsalar ce. Yaro ya tashi yana ganin wanda ke kashe mutane ba shari'a shi ne gwarzo.

Mai Zane:
Haka ne Malam, kuma a cikin labaran ma 'yan sanda na farautarsa, budurwarsa Monica kullum roƙonsa take ya ajiye fuskar nan. Amma a duba lokacin da ya fito. Littafinsa na farko Curfew a 1992 ne, Tarun Kumar Wahi da Sanjay Gupta suka tsara, Manu ya zana. Bombay ta wancan lokacin gari ne na 'yan daba masu ƙarfi, ƙarshen 1992 zuwa farkon 1993 aka yi mummunan rikici, a Maris 1993 bamabamai suka tashi. Mutumin da ke ganin mai kuɗi na sayen shari'a shi ne ya rungumi Doga. Zanen Manu kuma duhu ne da inuwa da ruwan sama da tsatsa, in ka ajiye shi kusa da Dhruva mai launin rawaya da shuɗi sai ka ce ba kamfani ɗaya ba ne. Daraktan fim Anurag Kashyap ya daɗe yana cewa zai yi fim ɗin Doga amma bai yiwu ba har yau.

Maman Ilham:
Kai da an yi da tuni masu fassara sun juye mana shi zuwa Hausa. Wai babu ko ɗaya da ya shiga fim?

Ɗan Fagge:
Babban fim na sinima dai babu. Sonu Sood tun yana sabon shiga ya taɓa sa kayan Nagraj a wata tallar kamfanin, hoton na yawo a intanet.

Auta:
To me ya kashe su? Naga kuna ta cewa da, da

Bazazzagi:
Talbijin mana. Wannan ba sai an yi dogon bincike ba. Kafin 1991 tasha ɗaya ce ta gwamnati Doordarshan, bayan an buɗe tattalin arziki sai ga Star, ga Zee TV a 1992, ga Cartoon Network a 1995 katun safe da yamma. Daga baya gem da kwamfuta da waya. Wane yaro ne zai je ya ba da kuɗin haya alhali ga katun mai motsi da murya kyauta a falo? Kuma wannan ma hujjata ce, da zarar yaro ya ga Spider-Man na ainihi a allo to kwafin ya gama aiki.

Ɗan Fagge:
Rabin farko na yarda, rabin ƙarshe ban yarda ba. In da ganin na ainihi ne ya kashe su to shekarun 1990 ba za su zama lokacin da suka fi tashe ba, ai a daidai lokacin da dish ke shigowa ne Doga da Parmanu da Bhokal da Shakti suka fito kuma ana rububinsu. Abin da ya karye shi ne mai shagon haya. Da yara suka ragu kaɗan sai hayar ta daina biyansa, ya cire igiyar ya sa wani kaya, to daga ranar yaran unguwar nan ko suna so babu inda za su samu. Mai rumfar tasha ma ya ga mujalla da ruwan roba sun fi tafiya. Kamfani ya ga ciniki ya ragu ga takarda na tsada sai ya ƙara kuɗi, ƙarin kuɗi ya kori sauran yaran, haka abin ya yi ta cin kansa. Manoj da Tulsi duk sun daina a shekarun 2000. Raj ne ya jure, shi ma da ƙyar.

Mai Zane:
Ni kuma zan ƙara da laifin su kansu don ba komai ne za a ɗora wa talbijin ba. Da suka ga yara sun tafi sai suka juya ga manyan da suka tashi da su, takarda mai sheƙi, launin kwamfuta, kuɗi mai yawa, labari mai kashi kashi da ba ya ƙarewa, a fitar da kashi ɗaya a yi wata da watanni kai har shekara ana jiran na gaba. Wanda bai san tarihin shekara ashirin na jaruman ba in ya ɗauki sabo ba zai gane komai ba. Wato sun rufe ƙofar da sabon yaro zai shigo. Da can kuwa kowane ɗan littafi mai shafi 32 ƙofa ce, ka tsince shi a ko'ina ka fara daga nan. Sannan ga masu yin sikanin suna watsa PDF kyauta, wannan ma ya ci su, duk da cewa da yawa daga masoyan ta nan suka dawo.

Bazazzagi:
To ai Japan ma akwai talbijin da gem fiye da Indiya amma komik ɗinsu na manga bai mutu ba. Me ya sa?

Mai Zane:
Saboda su can katun ɗin daga littafin ake ɗaukowa, yaro ya gani a allo ya ruga ya sayi littafin, allo na yi wa takarda talla. A Indiya tashoshin katun na waje suka sayo suka sa musu muryar Hindi, ya fi musu arha a kan su zauna su yi Nagraj daga tushe. Raj kamfanin iyali ne na buga littafi, ba shi da jarin yin katun mai kyau na shekara da shekaru. Da Dhruva ya samu katun mai inganci a 1996 da wani zancen ake yanzu, wannan ra'ayina ne.

Abu Sumayya:
Yanzu kamfanin na nan ko ya rufe?

Ɗan Fagge:
Yana nan Malam amma ya rabu uku. Wajen 2020, shekarar da uban ya rasu, 'yan uwan kowa ya koma yana bugawa da sunansa, akwai Raj Comics by Sanjay Gupta, akwai by Manoj Gupta, akwai by Manish Gupta, kuma jaruman ɗaya ne duka suke amfani da su. Sai ka ga tsohon labari ɗaya ya fito daga gida biyu da bango daban daban. Mafi yawan cinikin yanzu sake buga tsofaffi ne a haɗe cikin babban kundi mai bango mai tauri, ana yin oda ta intanet tun kafin a buga, masu saye kuma mutane ne 'yan shekara talatin da arba'in masu albashi da ke neman abin da suka karanta suna yara. Ana ganinsu a taron Comic Con na Indiya da aka fara a Delhi a 2011. Abin da ke damuna shi ne kundi ɗaya yanzu ba kuɗin yaro ba ne, kuma wanda aka kafa kamfanin dominsa, ɗan mai shayi a Patna ko Kanpur, ba ya cikin lissafi.

Maman Ilham:
Allah sarki. Amma rabuwar ba ta ƙara yawan littattafan ba? Tunda gida uku ne ke bugawa

Mai Zane:
Ta ƙara, musamman tsofaffin da suka ɓace a kasuwa sun dawo, wannan alheri ne ga mai tarawa. Matsalar a sabon labari take, abin da ya sa Raj ya zama Raj shi ne duniyar guda ce, abin da ya faru da Nagraj a nan Dhruva ya sani a can. In gida uku kowa na jan zarensa to wanne ne labarin gaskiya? Masoyan kansu suna ta wannan musun a zaurukansu.

Bazazzagi:
Ni dai har yanzu ina kan cewa rabin jaruman aro ne, amma Doga da Dhruva zan nema in gani da idona. Sai dai ba na jin Hindi balle rubutun nan nasu mai layi a sama. Akwai na Turanci?

Ɗan Fagge:
Akwai 'yan kaɗan da suka fassara amma mafi yawa Hindi ne da rubutun Devanagari. In kana jin Hindin fim ko kaɗan to rubutun kawai ya rage maka kuma ba shi da wuya don yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Ka fara da Dhruva na farko Pratishodh Ki Jwala, zanen kaɗai zai kai ka rabin labarin. In kana da ɗan uwa mai karatu a Delhi ko Noida ka ce ya leƙa kasuwar tsofaffin littattafai ta ranar Lahadi ta Daryaganj, an mai da ita Mahila Haat tun 2019, ana samun tsofaffin bugu a can jefi jefi amma ya iya ciniki don masu sayarwar sun gane ana nemansu.

Auta:
Yaya ni Bankelal nake so, a turo min ko shafi biyu ne in gani

Mai Zane:
Auta ka duba shafukan kamfanonin uku, suna saka samfurin shafuka kyauta kafin fitowar kowane kundi. Bazazzagi in ka samu Doga ka nemi wanda Manu ya zana tukun kafin na baya, sai ka dawo mu ci gaba da musun.